HAKKIN MAI SANA'A DA ƊAN KWANGILA IDAN MAI BA DA AIKI YA FASA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta ciniki, ya haramta zalunci ga Zatinsa, ya kuma haramta shi tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa yana kan wata mas'ala da ta yawaita a zaurukan limamai da masu unguwanni, tun daga Bagalam da Mokoyo da Zariya cikin garin Maraɗi har Tibiri da Jiratawa. Mutum zai kira magini, ko kafinta, ko mai walda, ko tela, ko mai ginar rijiya, su daidaita a kan aiki da kuɗi, a yi musafaha. Mai sana'a ya sayi kaya, ya ɗauki lebura, ya mayar da wasu masu neman aikinsa saboda ya riga ya ba da kalmarsa. Bayan kwana kaɗan sai mai ba da aiki ya aiko yaro ya ce an fasa, ko don ya sami mai araha, ko don ya canza shawara. Da yawa daga cikinmu suna zaton wannan ba kome ba ne tun da kuɗin nasu ne. To shari'a tana da magana a nan, kuma magana ce mai nauyi.

Mas'ala ta farko: matsayin alkawarin aiki

Ka sani, ya kai ɗan uwa, Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umurtar muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka ƙulla, kuma cikin Suratul Isra'i, aya ta 34, ya sanar da mu cewa alkawari abin tambaya ne gobe kiyama. Ɗaukar mutum aiki da lada kuwa sunnar annabawa ce. Suratul Ƙasasi ta ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata gare shi, da ya yi aikin ƙodago a Madyana bisa sharaɗin shekara 8, in ya cika 10 wannan kyautatawa ce daga gare shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, shi da Sayyidina Abubakar sun ɗauki ɗan jagora da lada a tafiyar Hijira, kuma kafinta ne ya sassaƙa masa mumbarinsa a Madina.

Imamul Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira hadisi ƙudusi da ke ambaton mutum uku waɗanda Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar kiyama. Na ɗaya wanda ya yi alkawari da sunan Allah ya yaudara, na biyu wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, na uku wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi cikakken aiki ya hana shi ladarsa. Mai fasa kwangila ba da uzuri ba, wanda ya bar mai sana'a da hasara, ya duba da kyau, domin ya kusanci biyu daga cikin ukun nan.

Mas'ala ta biyu: ƙullin aiki iri uku ne

Hukuncin fasawa yana bin irin ƙullin da aka yi, saboda haka wajibi ne a rarrabe su.

Na farko shi ne ijara, watau ɗaukar mutum ya yi aiki sananne da lada sananna, kayan aiki kuwa na mai ba da aiki ne. Misalinsa ka kai wa tela yadinka, ko ka tara siminti da bulo ka kira magini, ko ka ɗauki mai noma na kwana 10. A mazhabar Imamu Malik ijara tana lizimtar ɓangarori biyu tun daga lokacin da aka ƙulla ta da baki, ko ba a fara aiki ba, ko ba a ba da ko dala ba. Babu mai ikon warware ta shi kaɗai.

Na biyu shi ne ju'ala, watau ka sa lada ga wanda ya cim ma wani abu, kamar ka ce wanda ya gano maka sanka da ya ɓace yana da kaza, ko ka ba dillali rago ya sayar bisa la'ada. Asalinta yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 72, inda aka sa kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cikin Risala cewa mai ju'ala ba shi da kome sai ya kammala. Shaihu Halilu kuma cikin Muhtasar ya nuna cewa kowanensu yana iya fasawa kafin a fara, amma da zarar ma'aikaci ya fara, ta lizimci wanda ya sa ladar. Ke nan wanda ya bar dillali ya yi ta yawo da ragonsa har ya samo mai saye, sannan ya zagaya ya sayar wa mutumin nan da kansa don ya tsere wa la'ada, ya ci haram.

A nan akwai fa'ida ga masu garake a Jiratawa da bakin Gulbi. Malamanmu sun ce rijiyar da ake gina wa mutum cikin gonarsa hukuncin ijara take ɗauka, domin ko an tsaya a tsakiya ramin yana cikin mulkinsa, kuma zai amfana da shi. Saboda haka bai halatta mai garka ya kori mai ginar rijiya bayan ya yi gaba 4, ya ce ai ba ka kai ga ruwa ba, ba ka da kome.

Na uku shi ne istisna'i, watau ka sa mai sana'a ya ƙera maka abu da kayansa, kamar ƙofar ƙarfe, ko gadon amarya, ko amalanke. Malaman Malikiyya sun riskar da shi ga cinikin salam, wanda ke lizimta. Malaman Hanafiyya na farko suna ganin ana iya fasa shi, sai Alƙali Abu Yusuf ya ga cutar da ke cikin haka ga mai sana'a. Kundin dokokin daular Usmaniyya mai suna Majalla, wanda aka tsara tsakanin 1869 da 1876, ya tsayar a madda ta 392 cewa ba a komawa baya bayan an ƙulla. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, wadda Nijar take cikinta, ta tabbatar da wannan a zamanta na Jidda cikin 1992. A zamanta na Doha cikin 2003 kuma ta yi bayanin kwangilar gini, ta ce in kaya da aiki duka na ɗan kwangila ne istisna'i ce, in aiki kaɗai ne nasa ijara ce. Ta kowace fuska dai ƙulli ne mai lizimta.

Mas'ala ta uku: uzurin da shari'a ta karɓa

Akwai halin da ijara take warwarewa ba da laifin kowa ba. Risala ta kawo cewa in ma'aikacin da aka ɗauka ya rasu, ko dabbar da aka yi haya ta mutu, ko gidan haya ya rushe, to ƙullin ya warware cikin abin da ya saura, a biya abin da ya gabata gwargwadonsa. Amma mutuwar mai haya ba ta warware haya, magadansa ne ke tsayawa matsayinsa. Haka wanda ya ɗauki makiyayi ya kiwata masa tumaki sai tumakin suka mutu, abin da ke kansa ya kawo wasu, ko ya biya lada. Muhtasar ya ƙara da misalin wanda ya yi jinga da mai cire haƙori, sai ciwon ya lafa kafin a cire, to an warware, domin cire lafiyayyen haƙori ba ya halatta.

Ƙa'idar da za mu fahimta ita ce, abin da ya sa aikin ba ya yiwuwa shi ne uzuri. Wanda ya sa a yi masa katanga sai hukuma ta tabbatar filin ba nasa ba ne, ko ambaliyar Gulbi ta cinye wurin, yana da uzuri, kuma duk da haka zai biya abin da aka riga aka yi da abin da aka saya da izninsa. Samun mai araha ba uzuri ba ne. Zugar dangi ba uzuri ba ce. Shi ma wanda ya shigo ya karya farashi bayan ya san an riga an daidaita da ɗan uwansa, ya faɗa cikin hanin da Manzon Allah ya yi na yin ciniki a kan cinikin ɗan uwa, kamar yadda ya zo cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim.

Wani lokaci kuma farashi ne ke juyawa juyin da babu wanda ya zata. Manyanmu sun ga haka cikin Janairun 1994 da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, mun kuma gani da aka rufe iyakar Nijeriya cikin 2019, da kuma cikin 2023, inda kayan gini suka yi tsada a Maraɗi. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta duba irin wannan hali cikin 1982, ta ce alƙali yana da ikon daidaita nauyin tsakanin ɓangarori biyu, ko ya jinkirta, ko ya warware tare da diyya ta adalci. Wannan hukuncin alƙali ne ko na sulhu. Ba a bar wa ɗayansu ya yanke wa kansa ba.

Mas'ala ta huɗu: abin da mai sana'a ya cancanta

In mai ba da aiki ya fasa ba da uzuri ba, mai sana'a yana da ikon ya ce shi yana kan ƙullinsa. Ma'aikacin da aka ɗauka na kwanaki sanannu, ya zo da kayan aikinsa ya miƙa kansa, aka ƙi sa shi aiki, ladarsa ta wajaba, kamar yadda kuɗin haya yake wajaba a kan wanda aka miƙa wa mabuɗin gida ko bai kwana ciki ba. Wanda aka sa ya ƙera ƙofa bisa awo da siffa, ya ƙera yadda aka ce, dole mai ita ya karɓa ya biya, domin ƙofar da aka yanka bisa awon ɗakinka ba lalle ta shiga ɗakin wani ba.

In kuwa an zaɓi rabuwa, ana lissafa abu uku: kuɗin kayan da ya saya, da ladar aikin da aka yi har da ta leburansa, da ribar da ta tabbata zai samu. Asalin wannan shi ne hadisin da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa mai hana cuta da cutarwa. Majalisar Fiƙihu a zamanta na Riyad cikin 2000 ta bayyana cewa cutar da ake biya ita ce hasarar dukiya ta haƙiƙa da ribar da take tabbatacciya, ban da ɓacin rai. Saboda haka shi ma mai sana'a kada ya ƙara abin da bai kashe ba, kada kuma ya lissafa ribar zato.

Ga misali don a gane. An daidaita da ɗan kwangila ya gina ɗaki a kan jika 900. Lissafinsa shi ne kaya jika 600, lebura jika 180, ribarsa jika 120. An ba shi jika 300 tun farko. Ya sayi kaya na jika 250, ya biya lebura jika 60, sai mai ɗaki ya fasa. Abin da ya kashe jika 310 ke nan, a haɗa da riba jika 120, ya zama jika 430. A cire jika 300 da ya karɓa, saura jika 130 a kan mai ɗaki. Sauran siminti da ƙarfen da ba a yi aiki da su ba kuwa na mai ɗaki ne, tun da ya biya kuɗinsu, bai halatta ɗan kwangila ya kwashe su ba. In ɗan kwangila ya yafe wani abu daga ribar, musamman in ya sami wani aiki nan take, wannan shi ne mafi kyau gare shi wurin Allah.

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a aya ta 1794, ya bar wa mai ba da aiki ikon tsayar da kwangilar da aka yanke wa kuɗi dunƙule ko an fara ta, bisa sharaɗin ya biya ɗan kwangila abin da ya kashe, da aikin da ya yi, da abin da zai samu da an kammala. Wanda ya ce zai fasa ya tafi abinsa ba shi da mafaka a shari'a, ba shi da ita a gidan shari'ar gwamnati.

Ko alkawarin da bai kai ƙulli ba yana da hukunci a mazhabarmu. Mashhurin zance shi ne, wanda ya yi wa wani alkawari har ya shigar da shi cikin kashe kuɗi saboda alkawarin, ana tilasta masa cikawa. Shaihu Haɗɗabi, wanda ya rasu shekara ta 954 bayan Hijira, ya yi littafi guda a kan wannan babi. Wanda ya ce wa kafinta je ka sayi katako, aikin naka ne, sannan ya janye, to hasarar katakon tana wuyansa.

Kuma mai sana'a yana da ikon riƙe abin da ya yi wa aiki har a biya shi, kamar tela ya riƙe riga. Sai dai ya sani lamunin kayan yana kansa muddin suna hannunsa, kamar yadda Risala ta ce masu sana'a suna lamunin abin da suka ɓoyu da shi. Bai halatta ya sayar da kayan mutane da ikon kansa ba, sai ya kai magana gaban hukuma.

Mas'ala ta biyar: kafin alƙalami

A nan mutane suna yawan kuskure ta fuska biyu. Kuɗin da ake ba da wa tun farko a matsayin wani yanki na lada halal ne babu saɓani, kuma ana lissafa shi kamar yadda muka yi a misalin da ya gabata. Abin da malamai suka yi saɓani a kai shi ne a shardanta cewa in mai ba da aiki ya fasa, kuɗin nan sun zama na mai sana'a ko bai yi hasarar kome ba. Imamu Malik ya ruwaito hani a kan wannan cikin Muwaɗɗa, kuma a kansa Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya suke. Imamu Ahmad ya halatta, yana kafa hujja da gidan da aka saya wa Sayyidina Umar a Makka daga Safwanu ɗan Umayya da irin wannan sharaɗi, kuma Majalisar Fiƙihu ta ɗauki wannan ra'ayi a zamanta na Burunai cikin 1993.

Abin da ya fi tsira ga mai bin mazhabar Malik shi ne ya cire hakkinsa na gaskiya daga kuɗin, ya mayar da saura in akwai saura. Kada mai sana'a ya ce kafin alƙalami ba ya komawa alhali bai taɓa kome ba, kada kuma mai ba da aiki ya ce a mayar masa da kuɗinsa cif alhali an riga an yanka ƙarfe.

Amma a rubuta tun farko cewa wanda ya fasa ba da uzuri ba zai biya diyyar cutar da ya jawo, wannan yana da asali. Buhari ya kawo daga Ibnu Sirina labarin wani mutum da ya ce wa mai raƙuman haya ya shirya, in bai tafi da shi rana kaza ba zai ba shi dirhami 100. Bai tafi ba, sai Alƙali Shuraihu ya hukunta masa biya, saboda shi ya ɗora wa kansa sharaɗin da yardarsa. Sai dai a kiyaye abu guda: ba a sa tara a kan jinkirin biyan kuɗi, domin lada in ta tabbata ta zama bashi, ƙari a kan bashi kuwa riba ne.

Mas'ala ta shida: in laifin daga mai sana'a yake

Adalci ba ya ɗaukar ɓangare. Telan da ya karɓi ɗinkin Salla fiye da ƙarfinsa har Salla ta wuce, da maginin da ya rage siminti, da mai waldan da ya cinye kuɗin ƙarfe ya shiga ɓuya, ba su da hakkin da muka ambata, su ne ma ake bi. Mai ba da aiki yana da ikon ya nemi a gyara, ko a rage kuɗi gwargwadon aibi, ko a warware. Suratul Muɗaffifina ta yi narko ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar, kuma wannan ya haɗa mai sana'a da mai ba shi aiki baki ɗaya.

Mas'ala ta bakwai: hanyar rabuwa da lafiya

Wanda hali ya canza masa, ƙofa a buɗe take, ita ce iƙala, watau ya je da kansa ya roƙi abokin ƙullinsa su warware da yardar juna. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya karɓi irin wannan roƙo daga Musulmi, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Roƙo ne ake yi, ba a tilastawa, kuma wanda ya roƙa ya zo da shirin biyan abin da aka kashe dominsa. Ya gaggauta sanarwa, domin kowace rana ta jinkiri hasara ce ake ƙara wa bawan Allah.

In ba a daidaita ba, a nemi mutum biyu masana sana'ar su kimanta aikin da aka yi, a zauna gaban liman ko mai unguwa. In ta ƙi, fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri da ta hakimai suna nan, kuma dokar ƙasa ta ba sarakuna ikon sulhunta irin wannan husuma, a rubuta takardar sulhu. In sulhu ya gagara sai gidan shari'a. Zagi a kasuwa da rushe ginin da aka fara ba su karɓo wa kowa hakkinsa.

Maganin mafi yawan wannan fitina kuwa yana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta yi umurni da rubutu da kafa shaidu. Rubutu ba rashin yarda ba ne, umurnin Allah ne. Kafin a fara aiki a rubuta, da boko ko da ajami, sunan aikin da siffarsa da awonsa, da wanda zai kawo kaya, da jimillar kuɗi da lokutan biya, da ranar gamawa, da abin da za a yi in wani ya fasa. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa takarda. Duk kuɗin da aka miƙa a rubuta, ko ta waya aka aika a adana saƙon.

Ya ku masu hali, ku tuna mai sana'a ba shi da albashin ƙarshen wata, guminsa shi ne cefanen gidansa, kuma a bayansa akwai lebura da almajiran sana'a da ke jiran na hatsi. Ibnu Majah ya ruwaito umurnin biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne. Wanda ya san ya taɓa fasa wa wani aiki ya bar shi da hasara, ya neme shi tun yau ya biya ko ya nemi yafewa, in ya rasu ya nemi magadansa, tun kafin ranar da ba a biya da jika sai da kyawawan ayyuka.

Allah shi ba mu ikon cika alkawari, shi tsare mu daga cin hakkin bayinsa, shi sa albarka cikin sana'o'inmu da kasuwancinmu, shi zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.